Gora Biyun Purofesa Amiba

Allah shi saka wa iyayen da sunka haifa muna Sallau, fitilar Malanville, mai ganin abin da idon talaka bai gani. Da can caja da batir yake saidawa kusa da duwan, ofishin kwastan. Sai ya tahi Kwatano ya dawo da tsohon mikroskop, madubin nan na likitoci mai kumbura ƙananan abubuwa, da farar riga, da baƙin tabarau. Tun ranar, in ba ka ce Purofesa Amiba ba, ko waiwayowa bai yi.

Amiba wata 'yar halitta ce, ba kai ba ƙafa, tana malala kamar majina. Purofesa ya san unguwarsu gida-gida.

"Ku jahilai sama-sama kuke ɗiba," in ji shi. "Amiba ba ta yawo bisa ruwa. Ƙasan tabki take kwance, cikin laka, jikin ruɓaɓɓen ganye, gefen gonar shinkafa inda ruwa bai gudu. Ka kwalfo daga ƙasa, ka ɗiga ɗigo guda bisa gilashi. Ni kuwa ruwan gora na kamfani kaɗai ke shiga cikina."

Gaskiya ya faɗi. A waya ya gani, mu ma mun gani.

Sai ga Hawa mai hura ta yi kuskure, ta ce mishi "Sallau mai caja" gaban mutane. Kashegari bincike ya nuna ruwan hurarta shi ne babban birnin amiba. Masu saye sunka watse. Hura ta yi ta tsami cikin ƙwarya, ga 'ya'ya a gida. Hawa ta tare shi a hanya.

"Ɗan'uwa, Asabar ka zo kasuwa da madubinka. In akwai su, in gan su da idona."

Purofesa ya hau babur har Madekali, ya kwalfo ruwan tabki cikin tsohuwar gorar kamfani, don jama'a su fara sanin kamannin amiba kafin a kama na Hawa. Ya naɗe gorar da jiƙaƙƙen buhu, kamar yadda kowa ke naɗe gorar sha don ta yi sanyi. Tashi gorar shan ma haka take a naɗe. Ya jefa su jaka guda. Manyan masana ba su da lokacin sa alama.

Asabar kasuwa ta cika, wayoyi na sama ana ɗaukar bidiyo. Ya ɗiga ruwan Hawa, ya leƙa. Ba komi.

"Sun ɓuya. Sun san ni."

Ya ɗiga na gorar tabki. Nan ma fes, ko ƙura babu. Zufa ta karyo mishi. Ya jawo ɗayar gorar, ya ɗaga kai sama irin na mutanen talabijin, ya kwankwaɗa har rabi. Sai ya tsaya. Ya sa yatsa ya zaro wani baƙin ganye daga haƙori.

Mati ɗan kabu-kabu ya ce, "Purofesa, kamfanin naku har ganyen shayi yake sawa?"

Hawa ta warware buhun. Ruwa kore shar, laka kwance a gindi. Jama'a sunka ce lallai a ɗiga wanga. Purofesa ya ɗiga, Mati ya riga shi leƙawa.

"Wallahi ga ta! Tana miƙa kamar hajiya bisa katifa!"

Layi ya kafu wurin madubi. Wanda duk ya gani ya yi dariya, sai ƙishi ya kama shi, ya zarce wurin Hawa. Kafin la'asar ta kife ƙwarya.

Mai neman inda amiba ke zaune yanzu ba sai ya wahala zuwa Madekali ba. Ya bi bayan kasuwa, wajen bayan gida, ya ƙwanƙwasa ƙofar kwano. Tun Lahadi ofishin Purofesa ya koma can. Ko Sallau ka ce, yana amsawa.