Yadda Kwamfuta Ta Goge Hansai Mai Kifi

Jiya da hantsi na je tasha sayen kifi, na tarar ba Hansai, ba kaskonta, sai toka a gindin darbejiya. Shekara ashirin baiwar Allah nan tana suya a wurin, da suyar take ciyar da marayu huɗu. Ban zame ko'ina ba sai shagon maƙwabcina Nu'uman mai zanen gine-gine a kwamfuta, don shi ya yi hoton sabuwar tashar da Mai Girma Uban Alƙawura zai gina mana.

"Kawu, wallahi na sa ta a hoton," in ji shi. "Har da kaskon."

"To, ƙasa ce ta haɗiye ta?"

Ya ce kwamfutar tana harba zaren haske ne cikin zanen, tana lissafin inda kowanne ya sauka. Idan zaren bai yi yawa ba, hoton sai ya fito da ɗige-ɗige kamar an barbaɗa gero, musamman a inuwa. Magani biyu ne: ko a bar ta awa goma tana ƙara haske, ko a sa wata manhaja ta shafe ɗigon, ta cike gurbin da hasashe.

Awa goma, a Wudil! Ana awa biyu aka ɗauke wuta, ga ɗan aiken Mai Girma tsaye a kansa yana duba agogo. Nu'uman ya danna manhajar. Gini ya fito sumul, gilasai na walƙiya. Hansai kuwa tana can lungu cikin inuwa, manhajar ta ɗauka ɗigo ce, ta mai da ita bango.

Mai Girma ya gani ya ce, "Madalla! Haka nake son wurin, tsaf." Washegari ma'aikata suka zo da hoton a hannu, suka dube shi, suka dubi Hansai. "Iya, ba kya ciki. Kwashe."

Wallahi raina ya ɓaci. Nu'uman ya ari janareto ya sake aikin, awa goma cur, Hansai ta fito har da zanen atamfarta. Ya kai ofis, aka ce an riga an sa hannu a na farko.

Amma mu yi adalci, jama'a. Ba a haƙa tushe ba, ba a sauke bulo ko ɗaya ba, gaskiya ne. Sai dai tun da nake, yau ne na fara ganin an aiwatar da wani abu daidai yadda yake a hoto. Ranka ya daɗe, saura ginin.