Janar Rigakafi a Gaban Sojoji

Duk wanda ya kwana lafiya a Matameye, ya gode wa Allah, sannan ya gode wa Munkaila, wanda abokansa na fadar shan shayi suka naɗa wa sarautar Janar Rigakafi. Mutum ne da cuta ke jin ƙarar takalminsa ta sauya hanya. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma har yau babu cutar da ta fito ta ƙaryata shi.

Daga ƙasar waje ya samo iliminsa. Yana soja aka tura su misiyo, wato aikin kiyaye zaman lafiya, a wata ƙasa mai yawan ruwan sama, aka ba shi babban muƙami: ɗaukar akwatin ƙanƙarar allurai a bayan likitan bataliya. Likita na gaba, akwati na baya, Munkaila na ƙarƙashin akwati. Ya ajiye kaki yana kaporal, amma ruwan da ya riƙa ɗiga a kansa ashe ilimi ne zalla.

Tun da ya dawo bai huta ba. Ba ya musabaha, sai dai ya miƙa gwiwar hannu, ko da liman ne. Ranar kasuwa kuwa yakan fita abin da yake kira sa ido. Ya tsaya gaban mai fura ya ɗanɗana, ya wuce wurin mai tsire ya ɗanɗana, mai ƙosai ma ba ya raina ta. "Mu a misiyo," in ji shi, yana suɗe yatsa, "kwamanda ba ya cin abinci sai na amince." Jama'a kaɗai ya sani. Saboda su ne tumbinsa ya riga shi shiga ko'ina.

Da damina ta kankama, labari ya zo cewa an zaɓi Zainulabidin, ɗan ƙanwarsa Saratu, cikin sojojin da za a tura waje. Saratu ta daɗe tana addu'ar wannan rana, don shi ne ke riƙe da ita tun rasuwar mahaifinsa. Ya zo sallama, zai koma barikin Damagaram a duba lafiyarsu kafin tashi. Janar ya ce ƙafarsa ƙafar Zainulabidin.

"Yaya, ka yi zamanka, ai ya san hanya," in ji Saratu.

"Ke ba ki san komai ba. Yaran nan za a kai su bakin kwalara da shawara, babu wanda ya yi musu bayani. Likitan barikin yana ganina zai sauka daga kujerarsa."

Matarsa Baiwa ta ce jikinsa da ɗumi tun shekaranjiya. Ta kuma roƙe shi ya mayar da sange, gidan sauronsa, kan gadonsa, don tuni ya kwance shi ya lulluɓe 'yan tsakin zabinsa saboda shaho. Janar ya yi dariyar manya. "Ni da na kwana da sauron daji mai girman fara? Sauron Matameye farar hula ne."

Suka hau mota. Kafin a yi nisa Janar ya fara jawabi kan tafasa ruwa, haƙoransa na kaɗa masa ganga. Ya ce ramukan hanya ne. Ya nemi a rufe gilasai, ana zafin da fasinjoji ke fifita da hula. Wata tsohuwa ta tausaya ta ba shi mayafinta. Haka ya iso ƙofar bariki, shuɗiyar hularsa ta misiyo a sama, mayafi mai furanni a ƙasa.

A ƙofar akwai wata sajan mai aikin jinya da ke auna zafin duk mai shiga. Ta ɗora masa na'ura a goshi, ta duba, ta sake ɗorawa.

"Wannan na'urar ta lalace," in ji Janar. "A zamaninmu da tafin hannu nake ganewa. Kira mini likita, ki ce abokin aikinsa ya iso."

Ta tambayi wanda suka zo tare. Zainulabidin ya ɗaga hannu kamar mai laifi. Aka ware su biyun a rumfa guda, aka ɗebi jininsu, aka ce wanda ya zauna kusa da mai zazzaɓi ba zai shiga sahu ba sai an san irin zazzaɓin. Zainulabidin na kallo abokansa suna ta loda jakunkuna a manyan motoci.

"Kawu, in aka tafi aka bar ni, me zan ce wa Inna?"

"Kwantar da hankalinka," in ji Janar daga cikin mayafi. "Wannan tsarin ni na koya musu."

Allah ya taimaki Saratu: zazzaɓin na sauro ne, ba mai yaɗuwa ba, kuma jinin ɗanta fes. Likita ya zo da kansa, ya tambayi tsohon ko yana kwana cikin sange. Zainulabidin, da haushi bai sake shi ba, ya ba da labarin zabi. Sai likita ya tambayi Janar ko zai yarda a kai shi gaban sojoji.

"Abin da ya kawo ni ke nan," in ji Janar.

Aka turo shi a keken marasa lafiya, ruwa na tafiya a hannunsa. Ya buɗe baki zai fara, amai ya riga jawabi fitowa. Likita ya nuna shi ya ce, "Ku dube shi da kyau. Tsohon soja ne, ya je inda za ku, ya san komai. Zabinsa na nan lafiya lau."

Da ya warke ya dawo, Janar ya shaida wa fada cewa bataliya guda ta tsaya ƙyam a gabansa, ko tari babu wanda ya yi. Ba mu musa ba. Bayan girbi Zainulabidin ya aiko wa mahaifiyarsa saƙon murya, ita kuma ta kunna shi gaban mata a gidan suna. Ya ce suna lafiya, kuma a gaya wa Kawu sunansa ya yi nisa. A can, duk sojan da aka kama bai ɗaura sange ba, sajan kan daka masa tsawa: "Kai! So kake ka zama tsohon Matameye?"