Cindo da Faya-fayai Shida

A bayan kasuwar shanu akwai wata mata, Yalwa mai daddawa, wadda ba a taɓa taya kayanta ta sallama da wuri ba. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗa guda, Cindo, ƙato har da gemu. Abin da aka ce masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi. Da Yalwa ta ji ƙarfinta na tafiya, sai ta fara tunanin inda zai ci abinci bayan ranta. Sati uku ta yi tana zaman dirshan a ofishin rajistar gonaki, har aka ɗauke shi sharar ɗakin injunan da ke riƙe da bayanin gonar kowa. Shugaban ofis ya ce gwaji ne, kuskure uku sallama.

Wata rana Injiniya Nafi'u, mai kula da injunan, ya ce, "Cindo, in ka ga jar wuta ka faɗa mini, ko ina nake." Ran Asabar ana ɗaurin auren ƙanwar Nafi'u, liman ya ɗaga hannu ke nan, sai ga Cindo yana tsallake mutane. "Malam Nafi'u, jar wuta!" Suka zo a guje kan babur. Ashe wutar butar shayi ce da aka jona.

Wata rana aka ce masa kada ƙura ta shiga cikin injunan. Ya kwaɓo laka ya toshe duk kafar da suke shan iska. Suka ɗau zafi suna ƙara. Aka tarar ya tuɓe rigarsa yana yi musu fifita yana cewa, "Sannu, sannu."

A gida ya ce, "Inna, laifi na yi?"

"Abin da aka ce ka yi. Ci tuwonka." Ta juya masa baya don kada ya ga idonta.

Wata rana allon lantarkin da ke kula da faya-fayan ajiyar bayanai ya mutu. Faya-fayan shida ne, kowanne da gurbinsa, kuma a tsohon injin nan in aka sauya musu wuri bayanin ya rikice. Nafi'u ya rubuta lambobinsu a tafin hannunsa, yana zarowa yana ɗora wa Cindo ɗaya kan ɗaya. "Riƙe su yadda na ba ka. Kada ka ajiye sai na dawo." Ya tafi tasha karɓo sabon allo, motar da ke kawo shi kuwa ta yi latti.

Shugaba ya leƙo da hantsi. "Zuba su a kwali ka share mini ofis."

"Ranka ya daɗe, an ce kada in ajiye."

"Ni da shi wa ke gaba? To, na uku ke nan. Ka tafi gida."

Cindo bai motsa ba. Azahar ta wuce, yana nan tsaye riƙe da su. Yalwa ta ji labari, ta rufe daddawarta ta zo da kwano. Ta tsaya tana ba shi fura a baki, tana share masa gumi da gefen mayafi.

Da la'asar Nafi'u ya dawo, ya sa allo, ya buɗe tafinsa. Fes, lambobin sun wanke. Alwala biyu ya yi a tasha. Ya zauna daɓas a ƙasa, shugaba ya dafe kai.

"Cindo, wanne na fara ba ka?"

"Na ƙasa."

"Ka juya su?"

"Ba ka ce ba."

Nafi'u ya miƙa hannu, Yalwa ta shiga tsakani. "Dakata, ɗan nan. Yallaɓai, ai ka kore shi. Korarre ba ya aiki."

Shugaba ya ce, "Inna, na janye."

"Da baki? Takardar dindindin, da hatimi. Da kujera, ba ya ƙara wuni a tsaye."

Sai da aka buga hatimi ta matsa. Aka mayar da faya-fayan daga na sama zuwa na ƙasa, koriyar wuta ta kama a jere. Ana ta hamdala, Yalwa ta waiga ta ga Cindo tsaye, hannuwansa a miƙe ba komai a kai.

Ta kama su a hankali. "Sauke, ɗana. Ka gama."