Ranar da Na Buga wa Surukata Hatimi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara riƙe hatimi ba. Dattawan ƙungiyarmu ta 'yan gida a Mahjar, wato ƙasar waje inda muke zaman baƙunta, su ne suka naɗa ni mai shaida takardu: duk wanda zai wakilta wani a gida, sai na buga hatimi mai ɗauke da sunana kafin mai gari ya yarda. Suka rantsar da ni a kan abu biyu: in kira sunan mai takarda da ƙarfi, in kuma dubi fuskarsa. Na rantse ina hura hanci (har tabarau na saya, alhali idona garau).

Wa zai fara shigowa? Surukata, uwar matata. Ƙanenta na shirin sayar mata da gona a Mirriya ba da yardarta ba, tana so ɗanta ya tsaya mata, jirgin mai kai takardar kuma bayan la'asar zai tashi.

Ni kuwa tun da na yi aure ban taɓa haɗa ido da ita ba, balle in kama sunanta. Ko a hanya na hango ta, kwana nake sha.

"Yalla, ɗan nan," in ji ta, "buga mu tafi."

Na zame daga kujera na durƙusa. Na ce, "Mai takarda ita ce... wadda aka haifa ranar Talata."

"Suna muka ce, ba kalanda ba," in ji shugaban dattawa.

Na faɗi sunan cikin wuyan riga. Fuskar kuwa, a jikin butar shayi na leƙa ta (wallahi na ga hanci, na ce ya wadatar). Sannan na runtse ido, na ɗaga hatimi, na kifa da ƙarfi.

"Wayyo!"

A bayan hannunta na buga, hannun da ta dafe takardar da shi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ta dubi hannun, ta ce, "Halas, shi ke nan, ni an tabbatar da ni. Saura takardar."

Gona ta tsira, ni ne ban tsira ba. Tawadar ta ƙi wankuwa, Hajiya kuma ba bikin da ba ta je ba, tana ɗaga wa mata hannu su karanta sunana.

Har gobe ina jin kunyarta. Sai dai yanzu in kunyar ta taso, nakan fara ajiye hatimi tukuna.