Mai Auna Hucewar Zuciya

Da na dawo Haɗeja daga karatun ciwon zuciya, ba ƙaramin ji da kaina nake ba. A majalisar ƙofar gidanmu Baffa ya ce, "To likita, me ka karanto?"

Aikina shi ne in zura siririn bututu a ɗakin hagu na zuciya, in bi yadda matsin jini ke sauka bayan ta matse, in lissafa saurin sakinta. Amma "saki" kalmar gaban alƙali ce, sai na gyara zama na ce, "Baffa, saurin hucewar zuciya nake aunawa."

Majalisa ta yi tsit. Na ɗauka kwarjinin ilimi ne.

Washegari sai ga Baffa da mutum biyu daga Baturiya, manomi da makiyayin da shanunsa suka cinye masa shinkafa, kowa na huci.

Baffa ya ce, "Auna mana wanda zai riga hucewa, ta kansa za mu fara sulhu."

Ina cikin bayanin bututu dariya ta ƙwace musu, suka tafi tare. Magani dai ya ci.

Har yau ko yara suka kaure da faɗa a unguwarmu, sai ka ji an ce, "A kira likita, ya taho da bututunsa."