Takalman da Don Eleuterio Ya Sayo a Santiago

A duk unguwarmu da ke gefen garin Coyhaique babu wanda Allah ya hore wa ilimin ƙafa kamar Don Eleuterio Barría. Shekara huɗu kacal ya yi a babban birni Santiago yana buga hatimi a wani ofis, amma ya dawo mana da wayewar da za ta ishi lardi guda. Mu da aka haifa cikin dusar ƙanƙara, ashe ba mu iya taka ta ba sai da ya zo. Muka raɗa masa Ministan Ƙafa. Da sunan ya kai kunnensa, cewa ya yi ai mun ma makara.

Shugabancin ƙungiyar unguwa yake nema, kujerar da ke zaɓen layin da motar share ƙanƙara za ta fara bi. Abokiyar takararsa ita ce Doña Uberlinda mai gidan burodi, wadda ba ta iya jawabi ba, sai aiki.

Mu dai yadda muka gada, takalmin sanyi ana sayen wanda ya ɗara ƙafa, don safar ulu biyu ta shiga. A shafe shi da kitsen tumaki. In ya tsufa ya fara shan ruwa, a zura ƙafa cikin ledar burodi kafin a saka shi. Wannan ledar ce ta hana Minista barci.

"Jama'a," in ji shi a layin sayen burodi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan benci don kowa ya gani, "unguwar da mutanenta ke cusa ƙafa a ledar burodi ba za ta taɓa ci gaba ba. Ku dubi wannan. Fatar Italiya! Ruwa da kansa kunyarsa yake ji."

Takalmin kam ya haɗu: baki siriri, ga farin gashi a wuya, ga ƙyalli. Ya kama ƙafar tsam, ko safa ɗaya da ƙyar. Mai kantin Santiago da ya rantse masa takalmin ba ya shan ruwa, ta taga kawai yake hango ƙanƙara a kan dutse.

Tsoho Nibaldo mai gyaran takalma ya latsa fatar da yatsa. "Maƙwabci, shafa masa kitse."

"Kitse? Gasa shi zan yi?"

Ana saura kwana huɗu zaɓe ƙanƙara ta zuba har gwiwa, washegari ta narke ta zama caɓi. Minista ya zaga gida-gida neman ƙuri'a, ya koma yatsunsa sun yi shuɗi. Ya ɗora fatar Italiya a kan murhun itace ta bushe, abin da ko jariri a garin nan ya san ba a yi. Matarsa ta ce ƙaurin har kwanon rufi. Ya gasa shi ɗin kuwa.

Daga ranar tafiyarsa ta samu sabon sauti, cakas, cakas. Ya ce haka fata mai tsada take kuka.

Ran Lahadi da rana muka taru a zauren ƙungiya don zaɓe. Mata sun goge daɓen katako yana sheƙi, don haka kowa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Minista ya toge a waje, ya ce daga nan zai yi jawabi, shugaba na gari ba ya gudun sanyi.

"Mu muna gudu!" wata tsohuwa ta daka masa tsawa. "Shigo ko ka rufe mana ƙofa!"

Sakatare ya buɗe kundi ya karanta: ɗan takarar da ba ya cikin zaure ya janye ke nan.

Na rantse har tausayi ya ba ni. Ya dubi kujerar, ya dubi ƙafarsa. Ya sunkuya ya zare na dama, ya zare na hagu. Sai ga leda biyu ɗaure a idon sawu, da jan rubutu ɓaro-ɓaro: Burodin Uberlinda, Mai Zafi Kullum.

Ya taka zuwa gaba, cakas, cakas, ya gyara murya ya fara bayani a kan ci gaba. Ba wanda ya ji ko kalma ɗaya saboda dariya. Nibaldo ya ƙware da shayin mate, sai da aka bubbuga masa baya.

Da aka ƙirga hannuwa, Doña Uberlinda ta lashe. Ta miƙe tana gyara gyale, ta yi jawabi mafi tsawo a rayuwarta.

"Na gode, maƙwabta. Don Eleuterio, don Allah ɗan ƙara zagaya zauren sau ɗaya. Na baya ba su karanta lambar wayata ba."