Ranar Da Tsohuwa Ta Ƙi Tashi

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Tudun Wada ba, ranar da bakina ya tara mini jama'a a ƙofar gida ba tare da na gayyaci kowa ba.

Lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare da ke kan hanyar Doguwa. Da yake ni kaɗai ne mai laftof a cikin malamai, sai na naɗa wa kaina rawanin masanin kwamfuta (babu wanda ya naɗa ni, babu kuma wanda ya tsige ni). Laftof ɗin 'yar gwanjo ce. Murfinta ba ya tsayuwa sai an tokare shi da ƙamus, fankarta kuwa tana nishi kamar mai hawan tudu da buhu a ka. Shi ya sa na raɗa mata suna Tsohuwa. Matata ta san sunan, yarana sun sani, ni kuma a zatona duk duniya ta sani.

Abu ɗaya ne ya sa nake lallaɓa ta. Kafin ciwon ajali ya kwantar da mahaifinmu, na taɓa zaunar da shi a zaure na ɗauki muryarsa yana ba da labarin yadda kakanmu ya taso daga wajen Kiru ya sari daji ya kafa gona, har da waƙar da suke yi in ana gayya. Yana labarin yana tari yana dariya, mahaifiyata Inna tana gyara masa daga tsakar gida. Bayan rasuwarsa, duk Juma'a da la'asar Inna takan ce, "Kunna mini Malam." Sai in kunna, ta zauna tana jan carbi, idan ya zo inda ya kauce a labarin ta sake gyara masa kamar yana ji. Muryar nan ba ta ko'ina sai cikin Tsohuwa. Kullum ina cewa gobe zan kwafe ta a filashi, ni da nake tsayawa gaban allo ina yi wa ɗalibai wa'azin kada su zuba ƙwai duka a kwando ɗaya.

Ran Talata da yamma ina cikin buga tambayoyin jarrabawa, sai fuskarta ta koma shuɗiya, wasu rubuce-rubuce suka bayyana, ta ɗauke. Na kunna. Tambarin kamfani ya fito, wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa, ta sake ɗaukewa. Daga nan ko tambarin ban ƙara gani ba, sai wata ƙara ƙas-ƙas daga cikinta.

Na tattare hannun riga. Na cire batir, na danne maɓallin kunnawa har yatsana ya yi sanyi, na mayar. Shiru. Na aro cajar maƙwabci. Shiru. Na ce wataƙila wutar solarmu ce ba ta da ƙarfi, na kai ta shagon cajin waya mai janareta, nan ma ko gezau. Na dawo na samo sukudireba na buɗe cikinta, na zare ɗan allon nan da ake kira ram na goge shi da magogin fensir kamar yadda na gani a wani bidiyo, na hura mata iska, na rufe (sukurori biyu suka yi saura, har yau ban san daga ina suke ba). Matata ta ce ko a cusa ta cikin buhun shinkafa. Na yi mata dogon bayani cewa wannan dabarar ta wayar da ta faɗa ruwa ce, kuma ba ilimi a cikinta. Tana fita na cusa.

Da safe ko ƙas-ƙas ɗin ta daina. Abin da ke raina ba tambayoyin jarrabawa ba ne, Juma'a nake tunani. Na yanke shawarar kai ta Kano wurin mai gyara, na kira abokin aikina Malam Sabi'u don ya nemar mini izini. Yana cikin mota a lokacin, suna ratsa dajin Falgore inda sabis ke zuwa yana tafiya. Ga wani abu da ban kawo a raina ba: makon da ya wuce Inna ta yi zazzaɓi, har na ɗauki hutu na kai ta asibiti, kuma kowa a makaranta ya san da haka.

"Malam Sabi'u, yau ba zan samu shigowa ba. Tsohuwa ce."

"Subhanallahi! Jikin ne?"

"Tun jiya da yamma ta ɗauke. Na yi duk abin da na sani, ta ƙi tashi. Da farko tana ɗan nishi, yanzu ko motsi babu. Ina jin dai ta tafi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Na ji daɗi a raina, na ce ga mutumin da ya san darajar kaya. "Wallahi kuwa, Malam. Ta dai sha wahala, shekaru sun ja."

"Sai haƙuri. Yaushe za a kai ta?"

"Bayan azahar, in Allah ya yarda. Ka gaya wa shugaba."

Layin ya yanke. Ni Kano nake nufi.

Ina ɗaki wajen azahar ina kakkaɓe mata shinkafa ina saka ta a jaka, sai na ji bas ta tsaya a ƙofar gida. Na leƙa. Shugaban makaranta ne a gaba, bayansa malamin addini, bayansu kusan duk malamai har da mai gadi, kowa fuska a murtuke. Maƙwabta da suka ga haka tuni sun fara fito da tabarmi. Alhaji Ɗanjuma, wanda katanga ɗaya ta raba mu, ya taho yana faɗa: "A yi rasuwa a jikin katangata, baƙi su riga ni ji? Me na yi muku?"

Na fito da jaka a kafaɗa. Shugaba ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

Ni kuwa har lokacin kaina bai kawo wuta ba. Na dai ga abin ya yi yawa, amma na ce kara ce irin ta mutanenmu. Na ce, "Amin, ranka ya daɗe. Amma ban fid da rai ba, wataƙila a Kano su tashe ta."

Malamin addini ya dafa kafaɗata. "Yi istigfari, Malam. Ɗimuwa ce, tana samun kowa."

Daidai nan aka ƙwalla ƙara daga cikin gida. Malamai mata ne da suka shiga da salati. Malama Hassana ta fito a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. A bayanta sai ga Inna da faifan wake a hannu, ta tsaya a bakin zaure ta dubi tabarmi, ta dubi jama'a, ta ce, "Lafiya? Wa ya rasu?"

Malam Sabi'u ya dube ni, kowa ya dube ni. A lokacin ne maganganuna na safe suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na zuge jaka, na ɗago laftof, ƙwayoyin shinkafa suna zubowa, na ce da wata murya da ban san ina da ita ba, "Ita ce."

Mai gadi ne ya fara kasa riƙe dariya, sauran suka bi. Inna ba ta yi dariya ba. Ta bi fuskokin nan da kallo a hankali, sannan ta ce, "To, tunda kun zo, ku zauna a dama muku fura. Ba kowa Allah ke nuna wa masu zuwa jana'izarsa ba." Aka sha fura, malamin addini ya yi mata addu'ar tsawon rai, Alhaji Ɗanjuma ya naɗe tabarmarsa ya shige gidansa.

Washegari na kai ta Kano. Mai gyara ya zare ma'ajiyar bayanai da ke cikinta ya jona a wata kwamfutar, ya kara kunne, ya gwada nan ya gwada can. Daga ƙarshe ya ce injin zai iya tashi in an sa sabuwar ma'ajiya, amma abin da ke cikin tsohuwar ma'ajiyar ya tafi ke nan. Duk hanyar dawowa ina haɗa kalmomin da zan faɗa wa Inna, ban samu ko ɗaya mai kyau ba.

Juma'a da la'asar ta shimfiɗa dardumarta ta ce, "Kunna mini Malam."

Na durƙusa na gaya mata gaskiya. Ta ci gaba da jan carbinta. Na fi son ta yi mini faɗa, amma ba ta yi ba. Can ta ce, "To. Ashe mutanen nan ba su yi zuwan banza ba. In ka koma ka ce musu mun karɓi gaisuwa, Allah ya ba da lada."

Nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka tara mini jama'a.

Yanzu duk abin da nake so ina ajiye shi a wuri fiye da ɗaya, kuma na daina raɗa wa na'ura sunan mutane. Sai dai har gobe idan na shiga ofishin malamai wani zai gyara fuska ya ce, "Malam, ya jikin tsohuwa?" Ni kuma na koyi hankali, kafin in amsa sai na tambaya wacce.